£60 a sati ga yara biyu: ina aka kai kuɗin tasi da na haya?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ina zaune a Birmingham da yarana biyu, mai shekara tara da mai shida. Bayan rabuwarmu da babansu ya dinga yi mini wasa da kuɗin abincinsu, yau a ba ni, gobe a ce babu, har na gaji na kai maganar hukumar Child Maintenance Service, mai yanke kuɗin ciyar da yara. Makon jiya takarda ta zo cewa samunsa £26,000 ne a shekara, zai riƙa biyan £60.86 a sati. Ni kuwa na san bayan aikin sito da yake yi da dare yana tuƙa tasi a ƙarshen mako, kuma yana da fulat da ya zuba 'yan haya suna ba shi £900 a wata. Ya sake aure, sun haifi ɗa ɗaya. Yarana suna kwana wajensa ranar Asabar. Shi cewa yake an duba albashina ne aka rage, kuma an yi la'akari da kuɗin da yake aika wa iyayensa gida. Don Allah yaya ake wannan lissafin, kuma akwai abin da zan iya yi?

Maman yara biyu, Birmingham

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya miki yaran, ya yi musu albarka.

Mun buga alƙaluman da kika aiko, sun fito daidai da na takardarki har kwabo. Ke nan ba a lissafin aka samu tangarɗa ba. Inda gizo ke saƙar shi ne £26,000 ɗin da aka ɗora lissafin a kai, kuma can ya kamata ki zuba ƙarfinki.

Ki fara cire maganar albashinki daga ranki, don ba gaskiya ya faɗa miki ba. A tsarin da ake bi yanzu a Ingila, samun wanda zai biya kaɗai ake dubawa. Ko kina ɗaukar ninkin albashinsa ba a rage masa ko kwabo, kuma albashin amaryarsa ma ba ya shiga. Abin da yake ba ki ba a ɗora miki haraji a kansa, kuma ba ya taɓa miki tallafin gwamnati na Universal Credit idan kina karɓa.

Hukumar ba shi take tambaya nawa yake samu ba. Hukumar haraji, HMRC, take tambaya, ita kuma ta ba ta adadin cikakkiyar shekarar haraji ta ƙarshe da take da ita a rubuce. Shekarar haraji a Birtaniya tana farawa ranar 6 ga Afrilu, ta ƙare 5 ga Afrilun da ke biye. Adadin nan shi ne samunsa kafin a cire haraji da kuɗin inshorar ƙasa, ba ragowar da ke faɗawa asusunsa ba. A cikinsa akwai albashi da obataim da bonas da kamasho, da ribar sana'ar kansa idan ya bayyana ta, da fanshon wurin aiki ko na kansa idan ya fara karɓa. Abu guda ake ɗebewa tun daga tushe, shi ne abin da yake zubawa a asusun fanshonsa. Hukumar kuɗin yaran nan kamar mai awo take: abin da aka zuba mata a mudu take aunawa, ba ta leƙa rumbu sai an nuna mata.

Ga yadda aka iso kan £60.86. Ana raba samun shekara gida 365 a ninka da 7, £26,000 ya koma £498.63 a sati. Saboda jaririn da ke gidansa aka fara rage kashi 11 cikin ɗari, saura £443.78. Da yara biyu ne a gidan da kashi 14 za a rage, uku ko fiye kashi 16, kuma ki sani agololin da amarya ta zo da su ma ana ƙirga su muddin ita ko shi yana karɓar musu Child Benefit, wato tallafin yara na gwamnati. Daga nan aka ɗauki kason yaranki. Ɗa ɗaya kashi 12 ne, biyu kashi 16, uku ko fiye kashi 19. Kashi 16 na £443.78 ya ba da £71. Sai aka cire ɗaya bisa bakwai saboda kwanan Asabar, wato £10.14, ya rage £60.86. Wannan kason yana aiki ne har zuwa £800 a sati. Abin da ya ɗara haka ana ɗaukar kashi 9 ko 12 ko 15 a kansa har zuwa £3,000, wanda ya wuce nan kuma sai dai a je kotu neman ƙari.

Yanzu tasi. Ki fara duba takardar ki ga wace shekarar haraji aka yi amfani da ita, ana rubutawa. A ganinmu £26,000 ɗin nan albashin sito ne zalla. Daga Afrilun 2024 zuwa ƙarshen Maris na 2025 mafi ƙarancin albashin babba £11.44 ne a awa, mai yin awa 40 a sati kuwa yana tashi da wajen £23,800 a shekara. Ki ɗora ɗan ƙarin da ake ba masu aikin dare, kin ga an kai £26,000 ba tare da tasi ta leƙo ba.

Dalilin rashin shigarta ba ya wuce ɗayan uku. Na farko, ya fara tuƙin ne bayan shekarar da aka ɗauka ta ƙare, ko kuma lokacin cike takardar harajinsa bai yi ba. Albashi yana isa HMRC da wuri domin kamfani ne ke turawa duk ranar biya, amma mai sana'ar kansa yana da har 31 ga Janairu bayan ƙarewar shekara kafin ya cike tasa ta intanet. Ribar shekarar da ta ƙare 5 ga Afrilun 2024, misali, ba ta wajaba a kansa ya bayyana ba sai 31 ga Janairun 2025. Na biyu, ya bayyana amma ribar ta fito 'yar kaɗan. A nan mata da yawa suke ruɗuwa, su ji an ce direba yana haɗa £400 a ƙarshen mako su ɗauka duka za a ƙirga. Ba haka ba ne. Riba ake ƙirgawa, bayan an cire mai da inshorar haya da lasisin ƙaramar hukuma da gyara da kason da manhaja ke ɗauka, da kuɗin hayar motar idan ba tasa ba ce, kuma waɗannan suna iya cinye kaso mai tsoka. Na uku, bai bayyana ba sam. Wannan ya ƙara wuya a 'yan shekarun nan: tun Afrilun 2022 direban tasi a Ingila ba ya sabunta lasisi sai ya bi ta binciken haraji, kuma tun Janairun 2024 manhajoji irin su Uber da Bolt suna tattara bayanan samun direbobi suna miƙa wa HMRC. Mai karɓar tsaba hannu da hannu ne har yanzu yake iya sulalewa. Idan kina da dalilin zargin haka, ki nemi a tura maganar sashen binciken kuɗi na Child Maintenance Service.

Idan dalili na farko ne, akwai ƙa'idar da za ta yi miki aiki. Ana ajiye tsohon adadin HMRC a koma kan samunsa na yanzu idan bambancinsu ya kai kashi 25 cikin ɗari. A kan £26,000, sai samun yanzu ya kai £32,500. Mu ƙaddara ribar tasi £12,000 ce a shekara: jimla £38,000, ta haye layin sosai. A bi matakan ɗazu, £728.77 a sati, a rage na jariri, a ɗauki kashi 16, a cire kwanan Asabar, kuɗinki ya koma £88.95. Amma idan ribar £5,000 ce kawai, jimla £31,000, ba ta kai ba, sai ki jira bitar shekara. Kowace shekara hukumar tana ɗauko sabon adadi daga HMRC ta sake lissafi, kuma a wannan bitar ko ƙarin bai kai kashi 25 ba ana aiki da shi. Ƙa'idar tana da tsauri, ba ma musu, domin mutum yana iya samun ƙarin dubbai yaransa su yi watanni ba su gani ba. Kuma yadda take yi miki aiki haka take yi masa: ya bar aikin sito ko a rage masa awoyi samunsa ya faɗi da kashi 25, kuɗin sauka zai yi.

Kuɗin haya shi ne inda aka fi barin haƙƙi a ƙasa, saboda ko ya bayyana shi tsaf ga HMRC ba ya shiga lissafin farko. Doka ta ware shi cikin samun da ba na aiki ba, tare da ribar hannun jari da kuɗin ruwan ajiya, kuma ba a saka su sai wanda abin ya shafa ya nema. Ke ce za ki nema. Idan kin kira su ko kin shiga asusunki na intanet, ki ce kina neman variation, sunan da suke kiran buƙatar ke nan, a kan kuɗin haya. Sharaɗin shi ne irin wannan samun ya kai £2,500 a shekara. Nan ma riba ce ake ɗauka. £900 sau 12 ya ba da £10,800. A ce kuɗin dillali da inshora da gyare-gyare sun ci £3,000, saura £7,800. A haɗa da £38,000 na ɗazu, £45,800 ke nan, £878.36 a sati. Ragin jariri ya sauko da shi £781.74, ƙasa da £800, saboda haka duka kashi 16 za a ɗauka, £125.08, bayan kwanan Asabar kuma £107.21. Tsakanin wannan da abin da aka yanka miki akwai sama da £46 a sati, kusan £2,400 a shekara. Ribar tasi da kuɗin gyaran da muka sa misali ne kawai, ainihin adadin zai fito daga takardunsa, amma kin ga girman abin da ake magana a kai.

Wannan buƙatar tana da wasu ƙofofi biyu da ya kamata ki sani ko ba su shafe ki yau ba. Ɗaya ta kadara ce. Tun Disambar 2018, idan mutum yana da kadarar da ta haura £31,250, kamar tsabar kuɗi a banki ko hannun jari ko zinari ko fili, ana iya ɗaukar kashi 8 cikin ɗari na darajarta a matsayin samun shekara. Ajiyar £40,000 tana zama £3,200, wajen £61 a sati a kan samunsa. Gidan da yake ciki ba ya shiga, haka kayan da yake sana'a da su. Ɗayar kuma ta karkatar da samu ce: mutum ya buɗe kamfani ya yanka wa kansa ɗan albashi ya bar sauran a ciki, ko ya rubuta amarya ko ƙanensa a matsayin ma'aikaci yana biyansu albashin aikin da ba su yi ba, ko ya mayar da fulat sunan wani bayan an fara shari'a, ko ya tashi rana ɗaya ya ninka abin da yake zubawa a fansho. Idan aka tabbatar don kaucewa ya yi, ana mayar da kuɗin cikin lissafi. Mai kamfanin da ke biyan kansa ta ribar hannun jari ma sai an nemi wannan gyaran kafin ribar ta shiga.

Sai abin da shi yake tsammanin ana rage masa. Kuɗin hayar gidansa, bashin mota, kuɗin wuta da gas, hidimar bikin da ya yi, duk ba a cirewa. Abin da yake aika wa iyayensa gida ma haka. Ba mu raina hidimar iyaye ba, wajibi ce, amma dokar ba ta san ta ba, kuma ko a addini ciyar da 'ya'ya a wuyan uba take gwargwadon samunsa, ba a biyan wani wajibi da haƙƙin wani. Da yana da wasu 'ya'yan a Najeriya ko Nijar, aiken da yake yi musu da kansa ba ya wadatarwa, sai in akwai hukuncin kotu ko wajabcin doka na can da zai nuna. Abubuwan da zai iya nema a rage masa ƙididdigaggu ne: kuɗin zirga-zirgar zuwa ganin yaran idan ya kai £10 a sati, bashin da kuka ci tare don amfanin gida tun kuna tare, wani ɓangare na kuɗin makarantar kwana, biyan bashin gidan da kike ciki da yaran idan shi ba shi da kaso a ciki, da ɗawainiyar yaro mai naƙasa da ke gidansa. Ko an amince, daga samunsa ake cire su kafin a ɗauki kaso, ba daga kuɗinki kai tsaye ba. Man £20 a sati bai fi ya rage miki £3 ba.

Kwanan Asabar ɗin nan ma ki dube shi da kyau. Dare ake ƙirgawa, ba yini ba. Ragin ɗaya bisa bakwai yana farawa ne daga dare 52 a shekara zuwa 103. Daga 104 zuwa 155 biyu bisa bakwai ne, daga 156 zuwa 174 uku bisa bakwai, daga 175 kuma rabi ne da ƙarin ragin £7 a kan kowane yaro. Asabar ɗaya a sati dare 52 ne cif, a bakin layi yake. Idan yakan yi tafiyar wata guda gida, ko yakan fasa ɗaukarsu, kuma bai rama a hutun makaranta ba, bai kai 52 ba, kuɗinki £71 ne ko da ba a taɓa komai ba. Hukumar tana duba umarnin kotu ko yarjejeniyarku, in babu ta duba yadda aka saba yi. Idan kun yarda suna kwana amma kun saɓa a kan adadi kuma babu hujja, dare ɗaya a sati take ɗauka. Ki riƙa rubuta kowane dare a kalanda, ki adana saƙonnin da ya ce ba zai zo ba. Sai dai muna roƙonki kada ki hana yara kwana wajen ubansu don £10. Abin da ke faruwa za ki rubuta, ba ki ƙirƙiro shi ba.

Abin da ya fi gaggawa shi ne lokaci. Kina da kwana 30 daga ranar da ke jikin takardar, ba ranar da ta iso hannunki ba, ki nemi a sake duba hukuncin, abin da suke kira mandatory reconsideration. Kin ce makon jiya ta zo, saboda haka kwanakin sun fara tafiya. Ki shigar da maganar tasi da ta haya yanzu, a tare, a rubuce ta asusunki na intanet don ranar ta zauna. Amfanin yin haka cikin wa'adin shi ne idan aka gyara, gyaran yana iya komawa tun ranar da lissafin ya fara aiki. Wadda ta bari wa'adin ya wuce tana iya nema daga baya, amma galibi daga ranar da ta nema za a fara ƙirga mata, watannin baya sun tafi. Kada ki tsaya sai kin gama haɗa hujja, ki shigar, sauran su biyo baya.

Hujjar da ke aiki ita ce wadda za a iya bin sawunta. Ki ba da cikakken adireshin fulat ɗin. Da £7 za ki sauke takardar mallakarsa daga shafin Land Registry, hukumar rajistar filaye da gidaje, sunan mai shi yana jiki. Idan an taɓa tallata shi a shafukan haya, ki ɗauki hoton tallan da farashin. Ga tasi, ki faɗi lambar motar, da ƙaramar hukumar da ta ba shi lasisi idan kin sani, da manhaja ko kamfanin da yake yi wa aiki, da watan da ya fara. Idan kina zargin yana da kamfani, binciken suna a shafin Companies House, hukumar rajistar kamfanoni, kyauta ne. Hotunan sabuwar mota da na walima a Facebook kuwa ba su da nauyin da mutane ke zato. A tsohon tsari ana iya cewa rayuwar mutum ta fi ƙarfin samun da ya bayyana, amma an cire wannan ƙofar a tsarin 2012. Yanzu sai kin nuna daga ina kuɗin yake fitowa. Kuma kada ki buɗe wasiƙunsa ko ki shiga wayarsa ko imel ɗinsa, kada ki sa yara su yi miki leƙen asiri. Na farko yana iya jefa ki cikin laifi, na biyu yaran zai cutar.

Ki shirya ranki cewa zai ji. Hukumar tana sanar da shi abin da kika nema da dalilanki, ta ba shi kwana 14 ya mayar da martani, don haka ki rubuta abin da za ki iya tsayawa a kai ko a gaban wa, ba zagi, ba tsohon faɗan aure. Idan akwai tarihin duka ko barazana tsakaninku, ki faɗa musu tun farko, suna da hanyoyin da kuɗi zai iso miki ba tare da ya san inda kike ba. Shi kuma bayar da bayanin ƙarya ko ƙin bayar da wanda aka nema laifi ne da tararsa ke kai £1,000.

Idan sun sake dubawa ba su canza ba, za su aiko miki da takardar sakamako. Daga ranarta kina da wata ɗaya ki ɗaukaka ƙara zuwa kotun sauraron ƙorafin tallafi da kuɗin yara, da fom mai lamba SSCS2, kuma ba a biyan ko sisi. Ana ɗaukar watanni kafin a zauna, amma ga irin matsalarki nan ne ake tona magana sosai, domin alƙali yana iya umartarsa ya kawo bayanan asusun banki da takardun haraji da yarjejeniyar haya, wanda ya ƙi kawowa kuma ana iya yanke hukunci da abin da ya fi kama da gaskiya. Ofishin Citizens Advice da ƙungiyar Gingerbread mai taimakon iyaye masu reno su kaɗai suna taimakawa wajen cike takardun kyauta. A duk tsawon wannan lokacin £60.86 ɗin yana nan a kansa, ki ci gaba da karɓa, karɓarsa ba ya nufin kin amince da adadin.

Watakila manya su shigo su ce a janye a sasanta a gida. Ba laifi ba ne, doka ma ta yarda iyaye su shirya tsakaninsu. Amma ki je zaman da lissafi a hannu: ki shiga manhajar lissafin kuɗin yara da ke shafin gwamnati na GOV.UK, ki saka albashi da tasi da haya, ki fito da adadi, a rubuta abin da aka amince da ranar biya, kuma ta banki, ba hannu da hannu ba. Ki tuna irin wannan yarjejeniyar hukumar ba ta tilasta ta idan ya saɓa, kuma idan kin rufe fayil ɗinki kika dawo daga baya, ba za a biya ki watannin da ke tsakani ba. Idan kin bar shi a buɗe ya ci gaba da wasa da biya, kina iya neman hukumar ta riƙa karɓa da kanta, har daga albashinsa. A wannan tsarin ana ɗora masa kashi 20 cikin ɗari, ke kuma a cire miki kashi 4: a kan £107.21, shi zai biya £128.65, ke ki karɓi £102.92.